Likitar Albasa

Rudu uku ne a bayan gidan marigayi Malam Abdu a Karaye ta ƙasar Maiyama, jere kamar ƙananan rumbuna. Kowanne zana ce aka naɗe a kan gadon itace, aka kifa mata hular ciyawa, aka cika ta da albasar rani ana jiran ranar da za ta yi daraja. A cikin na tsakiya Bushira ta soka ma'auninta.

Wani siririn ƙarfe ne da igiyar waya a gindinsa. Igiyar ta ratso zana ta fito waje, ta ƙare a jikin ɗan akwati mai gilashi da ke nuna lamba. Biyu aka ba ta aro daga sashen fiziks na sabuwar jami'ar da ke Aliero, ɗaya a tsakiyar albasa, ɗaya rataye a inuwa yana auna iskar waje. Da asuba, da azahar, da faɗuwar rana sai ta zagayo ta duba ta rubuta. Binciken shekararta ta ƙarshe ke nan, yadda zafi ke shiga rudu da yadda yake fita, tun daga bazara har damina ta kankama. Duk jarrabawa ta gama. Wannan kaɗai ya rage tsakaninta da digiri, kuma bana ce shekarar ƙarshe da dokar makaranta ta yarje mata, don haihuwar 'yarta Salma da jinyar da ta biyo baya sun cinye mata rarar shekaru. In aikin bai kammalu bana ba, za a share sunanta kamar ba ta taɓa zama a aji ba.

Ran da ta fara, surukarta Inna Yalwa ta zagayo da buta a hannu, ta tsaya tana kallon igiyar.

"Ke Bushira, mi kis sa ma albasa?"

"Ma'aunin zahi ne, Inna. Na makaranta."

Inna ta matso ta leƙa gilashin. Nan take fuskarta ta ɗaure.

"Na san shi. Irin shi anka sa ma Malam ga hammata, asibitin Jega. A sa da sahe, a sa da marece, kullum zahi na ƙaruwa. Bai hito ba sai cikin likkahani."

"Allah shi jiƙan Baba. Amma Inna, aunawa kaɗai shi ke yi. Kamar mudu ne, ba shi ƙara hatsi, ba shi ragewa."

"Mudu na san shi tun ba a haihi uwarki ba. Ban taɓa ganin an sa mudu ga hammatar mai mutuwa ba."

Ta wuce tana jan carbi.

Alhaji Lawali, wan mijinta, shi ne babban gandu tun rasuwar mahaifinsu. Shi ke cewa a dasa, shi ke cewa a cire, shi ke kai kaya kasuwar Jega. Shi ya ba da izinin ruduna, cikin dariya, lokacin da Sa'idu mijin Bushira ya roƙa mata. Tun daga nan ya laƙaba mata suna. Ko ina ya gan ta sai ya tsaya ya rusuna kamar ya ga babba.

"Likitar albasa, ya majinyatanki? Sun samu barci?"

"Sun samu, Yaya."

"In za a yi musu allura a hwaɗa min, in riƙe ƙahwa."

Sai tsakar gida ta ɗauki dariya, ita ma ta murmusa, don wanda ke cin arzikin wani ba ya ɓata rai da wasansa.

A gidan ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce kada ta yi karatu. Da wannan suke alfahari ko a gaban baƙi. Sai dai azahar na yi, lokacin duba ma'auni, a lokacin ne Inna ke tuna cewa ruwan randa ya ƙare. Rana na shirin faɗuwa, a lokacin ne ake gane ba a daka kayan miya ba. Bushira ta koyi gudu da tulu a ka, ta koyi rubuta lamba a tafin hannu da guntun gawayi kafin ta samu takarda. Ba ta taɓa tsallake awo ba. In ta dawo tana haki sai Inna ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Mu dai ba mu hana ki ba."

Da bazara ta yi tsakiya, sai lambobin suka fara ba ta tsoro. Bisa ƙa'ida, in gari ya huce kafin asuba, cikin rudu ma ya kamata ya sauko, ko da a hankali. Na tsakiyar nan ya daina saukowa. Iskar waje ta yi sanyi, shi yana nan da zafinsa, kowace safiya ya ɗara ta jiya.

Ta goya Salma, ta hau mota zuwa Jega, ta canja wata zuwa Aliero. Dakta Shamsuddeen, malamin da ke duba aikinta, ya shimfiɗa zanenta a kan tebur ya daɗe yana bin layin da yatsa.

"Kin san abin da kika kama?" ya ce. "Wannan zafin ba na rana ba ne. Da na rana ne da ya tafi tare da ita. Daga ciki yake fitowa. Abu mai rai in ya fara ruɓewa zafi yake saki, albasa kuma ba ta barin zafi ya ratsa ta ya fita da sauri, sai ya taru a tsakiya. Kin ga ruɓa tun hanci bai ji ta ba. Wannan shi ne zuciyar aikinki."

"Malam, albasar ta gidanmu ce."

Ya cire tabarau ya dube ta.

"In kika bar ta yadda take, za ki samu layi mai kyau har ƙarshe, su kuma su rasa rudu ɗaya. In kika faɗa, za su buɗe su tsince. Wannan ba zai kashe aikin ba, in dai an mayar da ƙarfen an ci gaba. Abin da zai kashe shi, a cire ma'aunin gaba ɗaya kafin ruwa ya sauka. Rabin labari ba bincike ba ne. Ke kika san mutanenki."

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar. Albasar nan da ita za a sayi hatsin damina, da ita za a yi wa yaran gida ɗinkin salla. Kafin mota ta bar Jega ta riga ta yanke shawara.

Sa'idu ta fara gaya wa. Yana zaune bakin ƙofa yana gyaran igiyar injin ban ruwa. Ya tsaya cak.

"Na tsakiya kic ce?"

"Shi."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ita ce ta ƙarshen hwadama. Wuyanta ɗanye munka zuba ta. Na ce ma Yaya a bari ta ƙara shan iska, yac ce bikin da za shi Maiyama ba shi jiran albasa." Ya koma kan igiyarsa. "To wa zai hwaɗa mai?"

"Kai mana, Baban Salma."

"Ke dai da kika gani."

Da safe ta durƙusa a gaban Alhaji Lawali yana shan fura, ta ce rudun tsakiya ya fara lalacewa daga ciki, in an buɗe yanzu za a ceci mafi yawa. Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi.

"Ba wari, ba ƙuda, ba ruwa ga gindi. Likita, ko mahwarki kika yi?"

"A buɗe a gani, Yaya. In ba haka ba ne na yarda a yi min dariya har baɗi."

Don a samu abin dariyar aka buɗe. Aka ɗaga hular ciyawa, aka kwance zana, maza suka fara kwasowa daga sama. Ta sama lafiya lau, ja jawur, ɓawonta na ƙara. Alhaji Lawali ya fara ƙifta wa mutane ido. Da aka yi nisa sai wani ɗumi ya taso kamar an buɗe tukunya, wari ya biyo shi, kowa ya ja baya yana toshe hanci. A tsakiyar tarin albasa ta narke ta yi baƙi ta haɗe da juna, fili kamar faɗin faifai manya biyu. A cikin cibiyar wannan ruɓar kuma ƙarfen Bushira ne a tsaye, ruwan ɗoyi na bin jikinsa.

Sai ga Inna Yalwa ta iso. Ta leƙa, ta dubi ƙarfen, ta dubi Bushira.

"Ga shi nan. Inda yat taɓa nan yak kashe."

"Inna, a tsakiya nas sa shi don nan zahi ke taruwa. Ko babu shi..."

"Ruduna uku. Biyu ba a soka musu komi ba, lahiyarsu lau. Guda anka soka, guda yam mutu. Wanga lissahi ko ni da ban yi boko ba na iya shi."

"Ba a buɗe su ba, Inna, kuma su busassa anka zuba."

"To ta ƙaƙa kis sani? Ba wari, ba komi, kika ce a buɗe nan. Mai binne abu shi ka sanin inda yab binne."

Bushira ta juya ga Alhaji Lawali. Ya sunkuya ya ɗauki wata albasa daga gefen ruɓar, yana murza wuyanta da babban yatsa. Wuyan kauri ne, kore-kore, bai taɓa bushewa ba. Ta ga ya gani. Ya ɗaga kai ya dubi ƙanensa, ya dubi ma'aikata biyu da maƙwabtan da wari ya jawo, ya jefa albasar cikin tari.

"Laihina ne," ya ce. Bushira ta ɗauka gaskiyar zai faɗa. "Laihina ne da ban ji maganar Inna ba tun hwarko. Tsoho in ya ce kada a yi, to a bari."

Ya sa tsumma ya zare ƙarfen, ya tsinko ɗayan da ke rataye a inuwa, ya naɗe su da igiyarsu ya shige turaka da su. Sa'idu yana tsaye yana kallon yatsun ƙafarsa.

Hukuncin Inna bai da tsawo. Wanda ya zubar shi ke kwashewa. Aka baje albasar rudun gaba ɗaya a bayan gida, aka ce Bushira ta tsince ta ita kaɗai, mai kyau gefe, mai tabo gefe, ruɓaɓɓiya a kwando zuwa juji. Ta zauna a rana ta fara. Ruwan ruɓar ya ci mata tsakanin yatsu, fata ta yi fari ta fara saɓulewa. Idonta ya kumbura. Warin ya shiga zanenta, ya shiga gashinta, sabulu bai fitar da shi ba, toka ba ta fitar da shi ba. Da ta ɗebo tuwo za ta ba Salma, yarinyar ta kau da kai ta ce hannun Umma na ɗoyi, ta gudu wurin Kubura matar Alhaji. Kubura ta karɓe ta. Ita ba ta tsani Bushira ba, ba ta dai taɓa tsoma baki a abin da Inna ta yanke ba.

Abin da ta tsince mai kyau ya ninka wanda ya lalace sau da yawa. Aka loda shi a buhuna aka kai Jega. Ba wanda ya ce da an ƙara jinkiri da duka ne za a zubar. Abin da aka ce shi ne kada ta sake bin hanyar sauran ruduna biyu. In za ta juji sai ta zagaya ta ƙofar gida. Ko albasar miya Kubura ke yanka mata ta miƙo a murfi.

Kowace asuba jikinta kan tashe ta da kansa, ta miƙe za ta duba ma'auni, sai ta tuna. Kowace asuba da ta wuce rami ce a cikin aikinta.

"Baban Salma, ka karɓo min su. Ko rudu guda a bar min, ko na ƙarshen can."

"Ki bari ƙura ta lahwa."

"Ruwa ba shi jiran ƙura. Kai ka san wuyanta ɗanye ne. Da bakinka ka hwaɗa min."

"Na sani." Ya yi ƙasa da murya ko da yake su biyu ne a ɗakin. "To in tashi gaban Inna in ce Yaya ya yi ganganci? Shi ne ubanmu yanzu. Ke mace ce, in an ce kin yi kuskure gobe an manta. Shi in girmanshi yaz zube, wa zai sake yarda da buhunmu a Jega? Ki yi haƙuri, ai ke ma gidanku ne."

"Karatuna hwa?"

"Wa ya hana ki karatu? Ki auna wani abu mana. Ga rijiya, ga randa. Dole sai albasa?"

Ta dube shi, ta juya ta kwanta kusa da Salma.

Da labari ya kai ga Dakta Shamsuddeen, ya ɗauki motarsa ya zo Karaye da kansa. Alhaji Lawali ya tarbe shi kamar sarki. Aka shimfiɗa darduma a zaure, aka yanka zabi. Dakta ya yi bayani a tsanake, ya ce ma'auni ba ya haifar da zafi, kamar yadda madubi ba ya haifar da furfura. Alhaji ya yi dariya ya tafa.

"Wallahi gaskiya ne, Dakta. Allah shi ƙara ilimi. Ni duk na gane. Amma ka san tsohuwa. Mahaihiya ce, ba a ja da ita. Mu kam ba mu hana yarinya ba, mu munka ba ta wuri ma."

"To a mayar mata da ma'aunan."

"Ash. Da ka zo da wuri. Inna ta sa an jehwa su tsohuwar rijiya."

Aka cika wa Dakta bayan mota da albasa, aka raka shi har bakin hanya ana ɗaga hannu. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Inna ta tsaya a tsakar gida.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Matar aure ta kirawo namiji daga wani gari shi zo shi yi ma mazan gidanta karatu a zaurensu. Da Malam na da rai da ba a yi haka ba."

Ranar ba wanda ya ci abincin da Bushira ta dafa sai ita da ƙudaje.

Hanya ɗaya ta rage. Dakta ya ce zai samo mata wani ma'auni, ita kuma ta samo wani rudu a ko ina, in an ɗora kafin ruwan farko zai iya kare aikin a gaban kwamiti. Ta nemi izinin zuwa gaida dangi, aka ba ta, don gidan ba ya hana zumunci. Ta sauka Aliero, garinsu, garin da ruduna suka fi ɗakunan kwana yawa, ta nufi gidan Kawu Ayuba, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya goye ta tana ƙarama.

Ya saurare ta har ta gama, yana tsefe gemu.

"Ɗiyata, labarin ya riga ki zuwa. Ran kasuwar Jega Alhajinku ya ba da shi, da dillalai sunka tambaye shi mi yas sa yak kawo kaya tun hwarashi bai tashi ba. Yanzu har waƙa yara ke yi."

"Kawu, kai ma ka yarda?"

"Ni? Ni da nas sai miki littahin hwarko? Ban yarda ba ko kaɗan. Amma ba ni ka sayen albasata ba. Dillalai sun ce duk rudun da anka ji an soka ma ƙarhen asibiti, ko kyauta ba su ɗauka. Ina da iyali, Bushira. Ki gwada gidan Malam Ya'ƙub."

Ta gwada. Malam Ya'ƙub ya ce rudun na ɗan'uwansa ne. Na gaba ya ce ya riga ya yi alkawarin sayarwa. Wani da ya hango ta daga nesa, da Salma a baya da jaka a hannu, sai ya taso ya tsaya tsakaninta da rudunsa yana gaishe ta da fara'a, bai matsa ba har ta juya. Wata tsohuwa ta ba ta ruwa ta sha, da ta tafi ta ji ana ɗauraye kwanon da ƙasa. Ta bi Aliero lungu-lungu har ƙafarta ta yi bororo. Kowa ya yi mata addu'a. Ba wanda ya ɗaga mata zana.

Tana cikin motar komawa, tsakanin Jega da Maiyama, gabas ta haɗe ta yi baƙi. Iska ta taso, sai ga ruwa. Fasinjoji suka ɗauki hamdala, wani ya miƙa hannu ta taga yana shafa wa fuska. Bushira ta jawo mayafi ta rufe kan Salma, ta zuba wa gilashi ido har suka isa.

Dakta ya yi iya yinsa. Abin da ke hannunta rabin bazara ne, babu damina, babu ma'auni, babu shekarar da za a ƙara. Da sakamako ya fito babu sunanta, 'yan ajinsu suka yi ta kiran juna ana barka. Wayar Bushira ba ta yi ƙara ba, don waɗanda suka sani sun ji nauyin kira. Da Sa'idu ya gaya wa Inna, sai ta ce, "Allah bai nuhwa ba. Ai ta huta da yawon mota." Alhaji Lawali ya ce ilimi ba ya ɓata, ko a ɗaki yana da amfani. Daga nan ya daina kiran ta likita. Ba a sake ambatar Aliero a gidan ba.

Bazara ta zagayo, aka sake cika ruduna. Wata safiya Inna da Kubura suka tafi suna a Maiyama, Sa'idu ya yi sammakon fadama. Bushira na tankaɗe a tsakar gida sai ta ji gyaran murya.

"Bushira. Zo mana, in ba ki komi."

Alhaji Lawali ne, yana leƙe ta kusurwar katanga. Ta tashi ta bi shi. Ya bi ta hanyar da aka hana ta bi, ita ta tsaya a inda iyakarta take.

"Taho, taho, ba kowa."

A bayan rudun ƙarshe, ta gefen da ba a gani daga gida, wata igiyar waya ta ratso zana ta fito. Ɗan akwatin na hannunsa, an goge shi tas. Har alamar sashensu na nan a bayansa.

"Mai gyaran agogo yas sa min sabon batir a Jega," ya ce, yana murmushin da bai zauna ba. "Kin san tsohuwa, dole a bi ta a hankali. To lambar ina iya karanta ta, ni ɗan kasuwa ne. Jiya da sahe talatin da bakwai, yau ga shi talatin da tara. Abin da ban sani ba, mai kyau ne ko marar kyau? Wanga rudu shi ne mahi yawa bana. Duba min."

Ya miƙo mata. Ba ta karɓa ba. Ta dubi lambar. Iskar safiya na taɓa mata wuya da sanyinta, rana ko katanga ba ta hau ba. Kafin ya rufe baki ta san amsar, ta san zurfin da za a tona a same ta, ta san kwana nawa ya rage kafin hanci ya ji. Ta dubi tabon da ya rage a tsakanin yatsunta.

"Ban sani ba, Yaya."

"Haba Bushira. Ke da kika yi shekaru kina wanga abu."

"Ai ban gama karatun ba."

Ta juya ta koma ta hanyar da aka yarje mata, ta zauna ta ɗauki rariya.

Ba a doke ta ba, ba a kulle ta a ɗaki ba, ba a ƙona mata littafi ba. In ka je Karaye ka tambaya, za a rantse maka ba wanda ya tsaya mata a hanya, kuma ba za a yi kaffara ba. Babba ya tsira da girmansa, tsohuwa ta tsira da maganarta, miji ya tsira da zaman lafiyarsa, kowa ya yanki abin da yake so a jikin mace ɗaya ya ce ƙaddara ce. Abin da suka samu a madadi shi ne suruka mai ladabi, wadda ba ta ƙara ganin komai ba, ba ta ƙara sanin komai ba.

Alhaji Lawali ya daɗe tsaye a bayan rudu da akwatin a hannu, yana kallon lambar kamar za ta yi masa magana. Ya kai hanci jikin zana ya shaƙa. Ba wari. Ya ce a ransa ƙila zafin gari ne. Ya tura igiyar cikin ciyawa yadda ba za a gani ba, ya kaɗe rigarsa, ya tafi kasuwa.